Ajiya Maganin Wata Rana, Ko Kuwa Tarkace Ne Ya Cinye Ɗaki?

Uku daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun haɗu a kan magana ɗaya, wato alƙawarin da wasu ke ɗaukar wa kansu na kwashe wata guda cur suna rage kayan da suka cika musu gida. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce a unguwar Nima da ke Accra, babban birnin Ghana, ina zaune da maigidana da 'ya'yanmu huɗu a ciki da falo cikin gidan haya, shekara goma sha shida ke nan. A ƙungiyarmu ta adashi wata daga cikinmu ta kawo shawarar mu yi gasar rage tarkace ta kwana 30, inda ranar farko kowacce za ta fitar da abu ɗaya daga ɗakinta, rana ta biyu abu biyu, haka nan har ranar ƙarshe ta fitar da talatin, kuma kullum a ɗauki hoto a tura wa sauran ta WhatsApp. Na fara da zafina, amma a rana ta 11 na tsaya cak. Abubuwan da ba na jin ciwon rabuwa da su sun ƙare, sai na haɗa da wata tsohuwar rediyo da wayoyin lantarki na maigida na ba masu sayen ƙarfe. Da ya dawo ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, yana cewa ajiya maganin wata rana. Ga buhunan da na cika suna nan jibge a bakin ƙofa, har maƙwabta sun fara tsegumi. Shin in ci gaba ne ko in haƙura?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kafin ki zargi kanki da raki, zauna mu yi lissafi, domin ina kyautata zaton babu wadda ta yi shi a cikinku ranar da kuka amince da gasar. Idan aka tara ɗaya da biyu da uku har zuwa talatin, jimillar ta kama abu 465. Kwana 11 da kika yi sun ci abu 66 kacal, wato kin cinye fiye da sulusin watan alhali saura abu 399 a gabanki, kuma kwana goman ƙarshe su kaɗai suna neman abu 255, fiye da rabin aikin gaba ɗaya. Haka aka gina wasan, yana farawa kamar shan ruwa, sai an yi nisa ya nuna haƙoransa. Daga Amurka ya yaɗu, inda masu kira ga rayuwa da kaya kaɗan suka tallata shi ga mutanen da da yawansu ke da garejin mota da ɗakin ajiya cike da abin da mutum ɗaya ya saya da kuɗinsa, yake kuma da ikon zubarwa ba tare da ya tambayi kowa ba. Mace mai ciki da falo a Nima, wadda rabin abin da ke ƙarƙashin gadonta na miji ne ko na 'ya'ya ko na wata 'yar'uwa da ta bar ajiya, ba za ta samu abu 465 nata na kanta ba sai ta shiga haƙƙin wani. Wannan shi ne ainihin abin da ya same ki a rana ta 11: lamba ta matsa miki, hoton ranar yana jira, sai hannunki ya kai kan rediyon da ba taki ba.

Saboda haka maganar maigida za mu fara gyarawa. A nan yana da gaskiya, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Rediyon tasa ce, ko da shekara goma ta yi ba ta yi magana ba, kuma sayar da ita ba da saninsa ba kuskure ne da ya kamata ki ba shi haƙuri a kai, ki kuma miƙa masa 'yan kuɗin da aka ba ki, kome ƙanƙantarsu. Bayan hankalinsa ya kwanta, ki nemi ku yi yarjejeniya a kan wuri, kada ku tsaya jayayya a kan kowace waya da kowane ƙusa. Ki ware masa adaka ɗaya ko saman kabad, ki ce nan nasa ne, ba za ki taɓa ba, amma abin da ya fi ƙarfin wurin shi da kansa zai zaɓi wanda zai fita. Na ga gidaje da dama inda namijin da ya rantse ba za a taɓa masa ko tsinke ba ya zauna da kansa ranar Lahadi yana tsince kayansa, don kawai an bar masa hukuncin a hannunsa.

Karin maganar da ya kawo kuwa ba ta banza ba ce, kuma mutanen Accra sun fi kowa sanin haka. Wanda ya ga yadda famfo ke ɗauke ruwa kwana da kwanaki ba zai kira jarkokin nan rawaya, da ake yi wa laƙabi da galan ɗin Kufuor, sunan tsohon shugaban ƙasa, tarkace ba, haka wanda ya sha duhun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, a 2014 da 2015 ba zai yar da fitila mai caji don wata uku ba a kunna ta ba. Manyan tukwanen suna da biki ma haka, sau biyu a shekara ake sauke su, amma ranar da aka sauke su babu abin da zai tsaya a madadinsu. Abin da nake so ki riƙa tambayar kanki a kan kowace ajiya shi ne: ranar da ake jira ɗin nan ta taɓa zuwa, kuma da ta zo, an samu abin a inda aka ajiye shi, yana da amfani? Ni kaina na sha wannan darasi. A shekarar 2007 aka sauya kuɗin ƙasar nan, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, aka kuma ba jama'a lokaci su kai tsofaffin takardu banki. Shekaru da yawa bayan haka, ina kakkaɓe wata adaka da na daɗe ban buɗe ba, sai ga ƙunshin 'yan dubu ashirin-ashirin, masu hoton Ephraim Amu, shahararren mai tsara waƙoƙi, a naɗe cikin ɗankwali, waɗanda na ɓoye domin wata rana, na kuma manta da su saboda tulin zannuwan da na danne su da su. Atamfofin da ke saman ƙunshin ma biyu daga ciki hunhuna ta ɓata su, domin iskar garin nan mai laima ba ta yi wa tufa rufaffiya afuwa.

Akwai wani lissafin kuma da masu haya ba su cika yi ba. Dokar haya ta 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake karɓa a dunƙule, kuma kin san irin gumin da ake yi kafin a haɗa su. Idan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗakinku yana ƙarƙashin kwalaye da buhunan da ba a buɗewa, to kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi kuna biyan sa ne domin kyankyasai da ɓeraye su samu masauki, alhali yara huɗu suna matsuwa a kan tabarma.

Shawarata ita ce ki ci gaba da watan, amma ki sauke lambar daga kanki. Ki gaya wa 'yan adashin cewa ke wurare za ki riƙa ƙirgawa, ba abubuwa ba, yau durowa ɗaya, gobe kwandon takalma, jibi bayan ƙofa, kuma ba zan yi mamaki ba idan rabinsu suka yi ajiyar zuciya suka bi sahunki. Ki fara da wurin girki, inda hukunci ya fi sauƙi, domin robar da ta tsage, murfin da tukunyarsa ta ɓata, kular da ta daina riƙe zafi da tarin ledoji ba sa buƙatar dogon tunani. Kwalin magunguna ma ki duba shi da wuri, ki ware duk wanda kwanan watansa ya wuce, ki kai kantin magani ki tambaye su yadda za a yi da shi, kada ki bar shi inda yaro zai tsinta. Takardu da abubuwan da ke tuna miki da wani ki bar su sai makon ƙarshe, lokacin da hannunki ya saba.

Tufafi ne za su fi cin lokacinki, kuma a nan nake so in daɗe kaɗan, domin akwai wani tunani da ke yaudarar mu, cewa duk rigar da muka cire daga ɗaki akwai wani can da yake jiran ta. Ki je kasuwar gwanjo ta Kantamanto ki gani da idonki. Ƙungiyar Or Foundation, da ke aiki da 'yan kasuwar, ta ƙiyasta cewa kimanin tufafin gwanjo miliyan 15 ne ke shigowa kasuwar a kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na fita daga cikinta a matsayin shara, wadda wani sashe nata ke ƙarewa a bakin teku. Ko gobarar da ta cinye babban ɓangaren kasuwar a farkon Janairun 2025 ba ta tsayar da shigowar dilolin ba. A garin da gwanjo ya yi wannan yawa, rigar da ta koɗe ko ta yage ba ta da mai so, kuma ba wa talaka ita ɗora masa aikin zubarwa ne kawai. Alƙur'ani ma ya yi hani a aya ta 267 ta Suratul Baƙara da mutum ya nufi mummunan abin hannunsa ya bayar, abin da shi kansa ba zai karɓa ba sai ya runtse ido. Don haka ki kasa su da gaskiya. Wadda za ki iya miƙa wa 'yar'uwarki ba tare da jin kunya ba, ki wanke ta, ki goge, ki ba wanda kika san girmansa da buƙatarsa, kamar kayan makarantar da yaranki suka girme wa, waɗanda maƙwabciya za ta karɓa hannu biyu. Atamfa mai daraja, irin su Holan ko GTP da ba a ɗinka ba ko aka ɗaura sau ɗaya, dukiya ce, sai ki kira dillaliya, ku yanke farashi da la'adarta tun kafin ta fita da ita, ki kuma rubuta abin da kika ba ta. Wadda ta mutu kuwa ta zama tsumman goge ɗaki, sauran su tafi bola.

Wannan ya kawo mu ga buhunan da ke bakin ƙofarki, kuma maƙwabtanki ba su yi laifi ba da suka yi magana, domin a gidan haya hanyar wucewa ta kowa ce. Abin ban dariya shi ne, a ƙa'idar wasan ta asali ba a ƙirga abu sai ya bar gidan kafin tsakar daren ranar, amma ku kun riƙe ɗaukar hoto kun saki wannan sharaɗi, wanda shi ne mafi amfani a cikin wasan duka. Buhun da ya kwana uku a bakin ƙofa komawa ciki yake yi, yaro ya zaro takalmi, miji ya zaro waya, ke kanki ki zaro ɗankwali. Ki tsayar da rana ɗaya a kowane mako ta fitar da kaya, ranar da ba za ki buɗe sabon wuri ba sai kin ga bayan na makon. Ƙarfe da dalma da tsofaffin kayan lantarki naki ki ba 'yan gwangwan, masu yawo suna kiran "kondem", amma idan waya ce ki tabbata kin cire layi da katin ajiya kin goge abin da ke cikinta, saboda hotunan iyali da asusun kuɗinki na waya. Shara kuma ki biya mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ko motar kwasar shara su ɗauka. Ina roƙon ki kada ko buhu ɗaya ya faɗa babbar kwatar da ta ratsa unguwarku da sunan ruwan sama zai tafi da shi, domin ruwanta Odaw yake shiga, daga nan ya gangara tafkin Korle, kuma duk wanda ya ga daren 3 ga Yunin 2015, lokacin da ambaliya da gobara suka haɗu a shataletalen Kwame Nkrumah, wato Circle, suka hallaka mutum fiye da 150, ya san abin da toshewar magudanan ruwa ke jawowa.

Idan watan ya cika kin gama wurin girki da tufafi da ƙarƙashin gado, ko da abin da ya fita bai kai ɗari biyu ba, kin yi aikin da ya dace da ɗakinki.

TAMBAYA: Hajiya, barka da aiki. Ni magidanci ne a Sabon Zongo, kuma ina so in yi amfani da hutuna na wata ɗaya in gyara ɗakin mahaifinmu, wanda Allah Ya yi wa rasuwa shekara huɗu da suka wuce. Ɗakin cike yake da littattafansa, alluna, tsofaffin takardu da manyan riguna. A ciki kuma akwai jakunkuna uku na ƙanena da ya tafi Libiya shekara shida ke nan, muna waya jefi-jefi. Ni ne babba, ina so in raba abin da ya dace sadaka in ƙona sauran. Ina da wannan iko?

AMSA: Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa ya huta. Amsar a taƙaice ita ce kasancewarka babba ta ɗora maka jagoranci, amma ba ta mallaka maka kayan ba. Tun daga ranar rasuwa, duk abin da ya bari, har babbar riga da buta, ya zama na magada bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, kamar yadda ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i suka tsara. Dokar gado ta ƙasa ta 1985, wadda aka fi sani da PNDC 111, ita ma ta ba matar mamaci da 'ya'yansa kayan amfanin gida ne a tare, don haka ta kowace fuska ka duba, babu mutum ɗaya da zai yanke hukunci shi kaɗai. Sadakar da ka yi da rabon ƙanwarka ba da yardarta ba bashi ne a wuyanka, ko da da sunan mahaifinku ka yi ta. Makon farko na hutunka ka kashe shi wajen tara magada, da mahaifiyarku ko matansa idan suna raye, ka sa wanda yake nesa a waya, a buɗe ɗakin a gaban kowa, a rubuta abin da ke ciki, sannan a nemi malamin da ya san rabon gado. Sau da yawa a irin wannan zama kowa zai ɗauki abu ɗaya ko biyu na tunawa ya ce ya yafe sauran, kuma a lokacin ne hannunka zai saku.

Kada ka ƙona takarda ko ɗaya kafin ka karanta ta, ko ka ba wanda ya iya ajami ya karanta maka. A cikin irin waɗannan tarin ne ake samun takardar sayen fili da taswirarsa, rasit na ginin gida, takardun fansho, da rubutun wanda ake bin sa bashi da wanda yake bi, kuma rigimar fili a Accra ta isa ta cinye zuri'a guda idan takarda ta ɓata. Waɗannan ka haɗa su a jaka mai hana ruwa, ka ɗauki hotonsu ka aika wa 'yan'uwanka. Littattafan da ke da sauran ƙarfi makarantar allo ko masallacin unguwa za su amfana da su, rubutun hannunsa kuwa, musamman idan ya yi sharhi a gefen shafuka, ni da a ce nawa ne ba zan bari ya bar gidan ba. Shafukan Alƙur'ani da suka ruɓe ba a haɗa su da shara. Malamai sun halatta a ƙona su cikin girmamawa, suna kafa hujja da abin da Halifa Usman ya yi da sauran kwafe-kwafen bayan an haɗa mus'hafi ɗaya, ko kuma a binne su a wuri mai tsarki da ba a takawa.

Jakunkunan ƙanenka amana ce, kuma shekara shida ba ta mayar da amana tarkace. Tunda kuna waya, ka buɗe su ta kiran bidiyo da izininsa, ya faɗa da bakinsa abin da za a ajiye da abin da za a bayar, ka kuma sa wani ɗan'uwa ya zama shaida. Idan ba a same shi a cikin watan ba, ka shanya kayan a rana, ka sa kafur, ka mayar da su yadda suke.

TAMBAYA: Anti, ni amarya ce a unguwar Madina da ke gefen Accra, wata takwas da biki. Kayan ɗakin da mahaifiyata ta yi mini, kwalla da samira da kuloli, sun cika bango guda, kuma ko kashi ɗaya cikin goma ba na amfani da su. Ina sha'awar shiga wannan gasa ta wata guda, amma ina tsoron ranta ya ɓaci.

AMSA: 'Yata, zai ɓaci kuwa, kuma tana da dalili. Mahaifiyarki ta yi shekaru tana zubin adashi tana sayen waɗannan kaya ɗaya bayan ɗaya, kuma a idon mutanen zamaninta jeren nan shi ne shaidar cewa ba ta aurar da ke hannu rabbana ba, sannan jari ne da mace ke sayarwa ranar da ta shiga matsi. Kayan naki ne, babu mai musu, amma wata takwas ya yi kaɗan a ga kwallar biki a hannun dillaliya, kuma a Madina labarin zai riga ki isa gida. Ki yi watanki a kan kwalayen da aka kawo kayan a ciki, da kyaututtukan biki da suka zo bibbiyu, da tufafin 'yanmatancin da kin san ba za ki ƙara sawa ba. Game da jeren, ki je wurinta da kanki, ki ce mata ɗakin ya yi miki kaɗan kuma kina tsoron tsatsa ta ci kayan, ko za ta adana miki rabi a wurinta. Idan kina da ƙanwa da ke tasowa, kada ki yi mamaki idan ita da kanta ta kawo shawarar inda rabin zai nufa.